In Na'ura Ta Yi Magana, Wa Ya Ji Abin Da Ta Ce?

'Yan'uwa manoma, da shugabanni da ma'ajin ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu. Ina so mu yi shawara a kan wani baƙo wanda ya shigo sha'anin kuɗinmu ya yi zaune, har yau kuwa ba wanda ya yi mana tafinta tsakaninmu da shi. Ina nufin 'yan rubuce-rubucen nan na Turanci masu fitowa a fuskar waya, ko a takardar da na'urar POS take tofarwa, sa'ad da aiki ya ƙi tafiya.

Ba mu muka gayyato shi ba. A shekara ta 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina yake ministan gona, aka fara aika wa manoma saƙo ta waya su je su karɓi buhu biyu na takin zamani a rabin kuɗi. A nan ne dattawa da yawa suka fara ganin cewa rubutun cikin waya yana iya zama taki. A 2014 aka kawo lambar BVN. A watan Satumba 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara duka saboda tsaro, ba a maido wa Gusau ba sai farkon Oktoba, ƙauyuka kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba, muka ga yadda ciniki yake tsayawa in waya ta yi shiru. Sa'an nan canjin kuɗi ya zo. Babban Bankin Nijeriya ya sake launin naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, takardun kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a a farkon 2023, har gwamnatin jiharmu ta haɗa kai da ta Kaduna da ta Kogi suka kai ƙara Kotun Ƙoli. Kotu ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Amma kafin wannan rana, wanda bai taɓa yarda da tiransifa ba ya riga ya yarda tilas, gama ba ya iya komawa gida da awakinsa kowace ranar kasuwa.

Yanzu mai sayen waken suya a Tsafe yakan ce, "Ba ni lambar asusu," kamar yadda a dā akan ce, "Buɗe hannunka." Akwai alheri a ciki, kada mu yi musu. Kowa ya san abin da ake gudu a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ko hanyar Magami, in an san mutum yana ɗauke da kuɗin buhu talatin. Bankuna kuma sun taru a Gusau ne, mutumin Yankuzo ko na Nahuce ba zai bar gona ya hau mota don ya ajiye naira dubu ashirin ba. Waya ta rage mana wannan wahala. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka ba mu kayan aiki aka hana mu harshensa.

Ga ra'ayina a fili. Yawancinmu muna auna hatsarin saƙo a baibai. Saƙon da ya zo da munin fuska, da lambobi da kalmomin da ba mu gane ba, shi ne yake tsorata mu, alhali sau da yawa ba kome a cikinsa. Saƙon da ya zo da sallama da ladabi, har ya kira mu da suna, shi muke sakin jiki da shi, alhali shi ne ya fi cin dukiyar mutane. Laifin kuwa ba na manomi ba ne shi kaɗai. Babban rabo yana wuyan waɗanda suka rubuta saƙonnin.

Bari mu fara da takardar POS. Mutum ya sa kati, ya danna lambar sirri, takarda ta fito da kalmar "Declined", watau an ƙi, ƙarƙashinta kuma da wata lamba mai tagwayen alƙaluma. Waɗannan lambobi ba mai shagon ne ya ƙirƙiro su ba. Suna cikin wani tsari na dukan duniya mai suna ISO 8583, wanda aka kafa tun 1987 domin na'urorin bankuna su riƙa jin maganar juna. Lura fa, na'ura da na'ura aka yi wa, ba a yi domin ni da kai ba. In ka ga 00, aiki ya yi. In ka ga 51, kuɗin da ke cikin asusun bai kai abin da ka nema ba. Lamba 55 tana cewa ka yi kuskuren lambar sirri, 54 kuma kwanan katin ya ƙare, 61 ka wuce iyakar abin da aka yarda ka cira. Duk waɗannan masu sauƙi ne, kuɗinka bai motsa ba. Sai dai a yi hankali da 55, gama in ka maimaita kuskuren sau uku za a kulle katin, sai ka je banki da ƙafarka.

Akwai 05, wadda ake rubuta wa "Do not honour". In ɗan makaranta ya fassara maka ita kalma kalma, zai ce maka an ce kada a girmama ka. Dattijo mai furfura, wanda bai taɓa cin bashin kowa ya hana ba, ya ji wannan a gaban jama'a, me kuke tsammani zai ji a ransa? Ma'anarta ita ce bankinka ya ƙi biya bai kuwa faɗi dalili ba. Ba zagi ba ne. Amma wanda ya bar irin wannan magana ta fita gaban talaka bai taɓa tsayawa a layin POS ranar kasuwa ba.

Wadda ta fi ba da wuya ita ce 91, "Issuer or switch inoperative". A nan zan ɗan daɗe, gama a nan kuɗin ƙungiya yake maƙalewa, a nan kuma zumunci yake ɓaci.

Sa'ad da ka danna lambar sirri, na'urar ba ta da kuɗinka a cikinta. Aike take yi. Saƙon yakan tashi daga na'urar zuwa kamfanin da ya ba mai shagon ita, daga nan zuwa wani kamfani na tsakiya mai haɗa bankuna, shi ne suke kira "switch", daga nan zuwa bankin da ya ba ka kati, shi ne "issuer". Bankinka ya duba, ya cire kuɗin, ya mayar da amsa ta wannan hanya har ta komo. Duka wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Kamar ka aiki yaro ƙetaren rafi wurin maigidanka ya karɓo maka mudu biyar na gero daga rumbunka. In yaron bai komo ba, abu biyu ne. Ko dai bai ƙetare ba sam, geronka yana nan cikin rumbu. Ko kuwa ya ƙetare, an auna an ba shi, ruwa ya tare shi a hanyar dawowa. Kai da kake tsaye a wannan gaɓa ba ka da hanyar sanin wanne ne ya faru. Na'urar ma haka. Ta jira, amsa ba ta zo ba, sai ta ce aiki bai yi ba. Amma mai yiwuwa ne an riga an cire kuɗin a can.

To me mutum yakan yi? Sai ya ce a sake gwadawa. A sake, a sake, har sau uku. Da yamma saƙo ya shigo cewa an cire kuɗi sau uku. In kuɗin mutum ne na kansa, baƙin ciki ne. In kuɗin takin ƙungiya ne, wanda mutum ashirin da biyar suka tara, ma'aji ya shiga uku, gama zai tsaya gaban taro ya ce na'ura ce ta ci. Wa zai yarda? Wani zai yarda a baki, ya tafi gida yana ƙunƙuni. Zargi irin wannan yana iya watsa ƙungiyar da aka yi shekara goma ana ginawa, ko da kuɗin ya komo bayan kwana uku.

Kuɗin kuwa yakan komo. A watan Yuni 2020 Babban Banki ya sa wa bankuna wa'adi. In injin ATM na bankinka ne ya cire bai ba ka ba, a mayar nan take, in abin ya ƙi, kada ya wuce awa 24. In injin wani banki ne, awa 48. In ta POS ce, awa 72. Ba kullum ake cika wa'adin ba, kowa ya sani, amma doka ce da za ka tsaya a kanta. Abin da zai tsaya maka shaida shi ne 'yar takardar nan ta "Declined" wadda yawancinmu muke murɗewa mu yar a bakin shago. A jikinta akwai rana da lokaci da wata doguwar lamba da aka rubuta wa RRN. Da ita ake bin sawun kuɗin. Takardar da ta ce an ƙi ta fi wadda ta ce an yi daraja, gama ita ce za ka nuna a banki. Rubutunta kuma yakan koɗe da zafi cikin 'yan makonni, saboda haka a kwafe lambar cikin littafi a ranar.

Masu ƙaramar waya da masu babba duka sun san wahalar lambobin nan da ake dannawa da tauraro. A babbar waya wani lokaci sai ta ce "Connection problem or invalid MMI code". Ko malamin makaranta ba zai gaya maka ma'anar MMI ba sai ya bincika. Abin da take nufi shi ne sabis ya yanke, ko kuwa ka danna lambar ba daidai ba. Ba a shiga asusunka ba, wayarka ba ta lalace ba. Tambaya ɗaya ce za ka yi wa kanka a duk lokacin da irin wannan ya fito: na riga na sa lambar sirri, ko ban sa ba tukuna? In ba ka sa ba, ba abin da ya motsa, sake gwadawa in sabis ya dawo. In ka riga ka sa, tsaya. Kada ka sake turawa sai ka duba ragowar kuɗin da ke asusun, ka kuma tambayi wanda ka tura wa. Tun Maris 2021 ma akwai naira 6.98 da ake caja a kan wannan hidima ta banki, don haka mai dannawa sau goma cikin fushi yana ƙara wa kansa asara ne.

Yanzu mu juya ga ɗaya ɓangaren. Ɓarawo ba ya aiko da 91. Saƙonsa a tsabtace yake. Yakan ce an rufe BVN ɗinka, ka kira wannan lamba kafin awa ashirin da huɗu. Ko kuwa ya kira ka da kansa, da Hausa mai daɗi, ya gaishe ka da iyali, ya ce daga babban ofishin banki yake, ya faɗi sunanka cikakke har da ranar haihuwarka. Ya ce an ga matsala a asusunka, yana so ya gyara maka don kada ka sha wahalar zuwa Gusau. Yanzu wata lamba za ta shigo wayarka, karanta masa kawai. Lambar nan ita ce makullin. Da ka karanta, an gama.

Me ya sa mutane masu hankali suke faɗawa? Gama sun ga an yi irinsa da gaske. A watan Disamba 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. A watan Afrilu 2022 aka hana layi fiye da miliyan 72 kira saboda ba a haɗa su ba. A Disamba 2023 Babban Banki ya ce asusun da ba shi da BVN ko NIN za a tsayar da shi daga Maris 2024. Duk wanda aka taɓa rufe wa layi da gaske, in ya ga saƙo mai cewa za a rufe masa asusu, ba zai ɗauka wasa ba ne. Ɓarawo ya ari rigar hukuma ya sa. Ya kuma yi abin da hukuma ba ta yi ba, ya yi magana da harshen da muke ji, ya yi haƙuri da mu, ya maimaita in ba mu gane ba. Abin kunya ne a ce ɗan damfara ya fi banki iya Hausa.

Ga bambancin da nake so kowane ɗan ƙungiya ya riƙe. Saƙon kuskure na gaskiya labari yake ba ka, ba ya roƙon kome daga gare ka. Ya ce aiki bai yi ba, ya yi shiru. Saƙon ɓarawo kullum yana da buƙata, kullum kuma yana da gaggawa. Kira wannan lamba, danna nan, karanto mini, yi sauri kafin a rufe. Bankuna da kansu suna ta shela cewa ba za su taɓa tambayarka lambar sirri, ko lambar da ke jikin kati, ko lambar nan da ake turowa ta ɗan lokaci ba. Wanda ya tambaya, ko da ya san sunan kakanka, kashe wayar.

Haka nan alat na ƙarya. Mai saye ya zo da mota, an auna masara, an ɗinke buhuna, ya danna waya, sai ga saƙo a wayar ma'aji cewa kuɗi ya shiga, da sunan banki a samansa da kome. Ana iya ƙirƙira wannan saƙo. Ana iya ƙirƙira hoton rasit ma, mai koren launi da alamar an yi. Koren launi ba kuɗi ba ne. Kuɗi shi ne abin da ka gani sa'ad da kai da kanka ka danna lambar bankinka ka duba ragowa. Buhu kada ya hau mota sai an ga wannan. Amma a yi adalci kuma, gama wani mai sayen mai gaskiya ne, ya tura, an cire masa, kuɗin ya tsaya a hanya. A lokacin ƙarancin kuɗi na 2023 an yi ta rigima irin wannan a kasuwanni, aka kira masu gaskiya ɓarayi. Kowace tiransifa tsakanin banki da banki tana da lamba mai alƙaluma 30 da ake kira "Session ID". A karɓi wannan lamba a rubuta, kaya su kwana a wurin amintacce, a jira. Ba sai an kai ga zagi ba.

Samarinmu masu manyan wayoyi suna da nasu tarkon. Mutum yana duba farashin kaya a intanet, sai fuskar waya ta yi ja, tana rawa, tana cewa an sami ƙwayar cuta huɗu a wayarka, danna nan a wanke. Wannan talla ce mai kama da gargaɗi. Shafin intanet ba ya iya bincika cikin wayarka haka. Rufe shi kawai. Gargaɗi na gaskiya kuwa, wanda wayar kanta take yi sa'ad da za a sa mata manhajar da ba a san asalinta ba, ba shi da ja ba shi da ƙara, ƙaramin rubutu ne mai sanyi. Shi ne yaron da ke shagon caji yake tsallakewa da yatsa ɗaya, ya ce, "Baba, ba kome, haka take yi." Ta haka manhajojin ba da bashi suke shiga, su kwashe lambobin dukan mutanen da ke cikin wayar, ranar da aka makara biya su aika wa surukai da maƙwabta saƙon cin mutunci. Abin ya yi yawa har a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Ikko. Akwai kuma lambar WhatsApp mai alƙaluma shida. Wani zai kira ya ce za a yi taron ƙungiya ta waya, ka karanto lambar da ta shigo don a sa sunanka. Da ita zai ƙwace WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka a wurin 'yan'uwa.

To, laifin wa? Ku duba galan ɗin maganin feshi. Masu yinsa sun san cewa mai amfani da shi mai yiwuwa bai yi boko ba. Saboda haka suka sa zane a gindin takardar, ja ga mai tsananin dafi, rawaya ga na biye, shuɗi, sa'an nan kore ga mai sauƙi, da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, da hoton mutum yana sa safar hannu. Wanda bai iya karatu ba yana iya gane wanda zai ɓoye wa yara. Ku duba takardar kuɗin kanta. Naira 200 da 500 da 1000 suna ɗauke da rubutun ajami da Hausa, ƙananan kuma tun 2007 an rubuta adadinsu da Hausa da Yarabanci da harshen Ibo. Watau Babban Banki ya daɗe da sanin cewa kuɗi yana bukatar ya yi magana da harshen mai riƙe da shi. Don me da kuɗin ya koma cikin waya sai ya manta Hausa? Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun 2013. Wayoyin da suka cika kasuwanninmu da yawa ana iya juya su zuwa Hausa. Ashe ba gagara abin ya yi ba, ba a dai ga ya kamata ba ne.

Na san abin da mutanen banki za su ce. Za su ce in an bayyana dalilin ƙi filla-filla, an koya wa ɓarawon kati inda zai gyara. Akwai gaskiya a nan, amma 'yar kaɗan ce. Ba mu ce a tona asirin banki ba. Abu biyu kawai muke so kowane saƙo ya faɗa: kuɗina ya fita ko bai fita ba, sa'an nan me zan yi yanzu. In na'urar ba ta sani ba, ta ce ba ta sani ba. "Ba mu tabbata ba ko an cire kuɗinka. Kada ka sake. Duba asusunka, ka ajiye wannan takarda." Wannan bai fi layi uku ba, takardar POS tana da wurinsa. Wane asiri ne ya tonu a nan?

Za su kuma ce fassara takan zo da nata ruɗani, Hausar Sakkwato dabam ta Kano dabam. Wannan ma ba hujja ba ce. Gidajen rediyo suna karanta labarai kowace safiya, ana ji daga Maraɗi har Yola. Abin da ake bukata shi ne a gwada maganar a kan mai sayar da ƙosai da mai turin kura kafin a sa ta cikin na'ura, ba a ba wani a ofis ya juya kalma kalma ya kawo mana "kada a girmama" da Hausa ba.

Wani kuma daga cikinmu zai ce, ai maganin abin a koma ga kuɗi a hannu. Ban goyi bayan wannan ba. Masu sayen amfanin gona da yawa sun daina yawo da kuɗi, tallafin gwamnati da rancen noma ta asusu suke zuwa, hanya kuma kun san halinta. Ba za mu koma ba. Sai dai mu koyi baƙon nan, mu kuma matsa a koya masa harshenmu.

Koyon kuwa ba shi da yawa. Iyayenmu sun shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 suka koyi karatu bayan sun yi furfura. Kalmomin da muke bukata a nan ba su kai ashirin ba. Magatakardan kowace ƙungiya ya ware shafi a bayan littafin taro, duk saƙon da ya ruɗa wani a kwafe shi yadda yake, a rubuta abin da ya biyo baya. Kafin kaka biyu za ku ga saƙonnin ba su wuce goma sha wani abu ba, su ne suke ta maimaituwa. A karanta biyu ko uku a ƙarshen kowane taro. A tabbata mata suna wurin, gama kuɗin adashi da na zumuntar mata ma yanzu ta waya suke bi, sau da yawa kuma mace ba ta da wanda za ta nuna wa saƙo sai ɗan ƙaramin yaro.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙungiyoyin da har yanzu suke ajiye kuɗin jama'a a asusun ma'aji na kansa, a kan layin wayarsa. In wayar ta faɗi a kasuwa, wanda ya tsinta yana iya neman BVN daga layin. In aka daɗe ba a yi amfani da layi ba, kamfani yakan sake sayar wa wani, saƙonnin banki su riƙa zuwa wa baƙo. In ma'aji ya rasu, kuɗin ƙungiya ya shiga cikin gādo. Ƙungiyar da ta yi rajista tana iya buɗe asusu da sunanta, mai sa hannun mutum biyu ko uku. A yi wannan kafin kuɗin kaka ya shigo. A sa wa layin lambar kulle ta SIM, a rubuta lambar PUK a ajiye, a kuma sani cewa in an yi kuskuren PUK sau goma layin ya mutu. Duk ranar da za a biya kuɗi mai yawa, mutum biyu su tsaya a kan wayar. In saƙon kuskure ya fito, su biyu suka gani, su biyu za su sa hannu a littafi, ma'aji ya huta da zargi.

In kuɗi ya maƙale, a je banki da takardar, a rubuta ƙara, a nemi lambar ƙarar a riƙe. Kada a yarda da "je ka dawo" ta baki. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, Babban Banki yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna, yana kuma da reshe a Gusau. In matsalar ta layin waya ce, hukumar NCC tana da lamba 622 ta kai kuka kyauta, ana kuma aika kalmar STOP zuwa 2442 don a tsayar da saƙonnin talla da ke cika waya har su binne na gaskiya.

Shawarata ta ƙarshe ga shugabannin ƙungiyoyi ita ce mu haɗa takarda guda, da sunan ƙungiyoyin ƙananan hukumomin nan uku, zuwa ga manajojin bankunan da muke ajiya a wurinsu a Gusau, kwafi kuma ga reshen Babban Banki. Mu liƙa mata takardun "Declined" da muka tara, kowace da fassarar da muke so a sa a ƙarƙashinta. Ƙungiyar da take da irin waɗannan takardu ta ba magatakardanta ya kawo su taron shugabanni mai zuwa.